Mai jinya abokin aikin likita ne

 Ina gaida ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, na jahar Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso da birnin Yamai, da duk inda muryata ta kai. Ina gaida malamansu. Waɗanda ke saurarenmu daga bakin gadon asibiti kuwa, sannunku da jinya, Allah ya ba naku lahiya.

Hirarmu ta yau ta shafi wani ma'aikaci da kowa ya sani. Ba ya da albashi, ba ya da farar riga, ba a taɓa kiran shi makaranta an koya mashi aikinshi ba. Shi ne mai jinya, wato wanda ke zaune da mara lahiya, a gida ko a asibiti. Sau da yawa uwa ce, ko kaka, ko ƴar'uwa, ko matar gida. Wani lokaci ɗa ne, ko miji. Za mu ji abin da masu bincike sunka gano game da shi a nan ƙasarmu Nijar, da abin da ya kamata a koya mashi, da abin da ya kamata a ƙara ma ma'aikatan lahiya cikin horonsu domin su yi aiki tare da shi.

Abin da na gani da idona

Shekara uku ke nan, cikin damina, mahaifina ya kwanta ciwo. Na yi kwana goma sha ɗaya da shi a wani asibiti. Duk wanda ya taɓa jinya ya san yadda abin yake: tabarma bakin ƙofa, buta, ɗan murhu, kwanon abinci. Mai jinya ke tahiya sayen magani. Shi ke ba da abinci, shi ke kai mara lahiya bayan gida, shi ke wanki. In ƙarin ruwa ya ƙare tsakar dare, shi ke zuwa ya tada ma'aikaci.

Kusa da mu akwai wata dattijuwa da jikanta. Karo na biyu ke nan da ta kawo yaron cikin wata ɗaya. Zuwan farko an ba ta ƙwayoyi, an sallame ta. Da yaron ya ji sauƙi rana ta uku, sai ta ɗaure sauran ƙwayoyin a bakin zane, ta ajiye don wata rana. Ba wanda ya ce mata a shanye su duka. Ciwon ya dawo, ya fi na farko tsanani. Shin laifinta ne? Ni da na yi makarantar horar da malamai, nake karanta faransanci, an miƙa mani takardar magani na karɓa, na fita ban tambayi ko kafin cin abinci ake sha ko bayan ci ba. Kunya ta hana ni.

Wani dare wata ma'aikaciya ta zauna kusa da dattijuwar nan. Ta ɗauki ledar maganin, ta zana rana tana fitowa, da rana tsaka, da rana tana faɗuwa, ta ja layi ɗaya ƙarƙashin kowace. Ta ce: "Inna, yanzu ke gaya mani yadda za ki ba shi." Dattijuwa ta maimaita, ta yi kuskure, anka gyara mata, ta sake. Abin bai wuce minti biyar ba. Tun daga ranar nake tambayar kaina: mi ya hana a yi mata haka tun zuwan farko?

Mi ake nufi da bincike?

Manomi da ke son sanin irin hatsin da ya fi dacewa da gonarshi, sai ya shuka iri biyu, gefe da gefe, ya yi masu noma ɗaya, da kaka ya ƙidaya damman kowane. To, haka masu binciken kiwon lahiya suke yi. Suna gwada hanya biyu a wuri biyu, su ƙidaya, su rubuta, su kwatanta. Wasu kuma zama suke yi a asibiti wata da watanni, suna kallo, suna saurare, suna tambayar marasa lahiya da ma'aikata. Bari mu ɗauki bincike uku da sunka shafi ƙasarmu.

Bincike na farko: tarbo a asibiti

A shekara ta 2003 anka buga wani littafi da faransanci, ƙarƙashin jagorancin masana biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan. Na biyun yana cikin waɗanda sunka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai a shekara ta 2001. Sunan littafin Une médecine inhospitalière, ma'ana likitancin da ba ya tarbon baƙo. Masu binciken sun zauna a gidajen likita na manyan birane biyar: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai.

Abin da sunka gani ya yi kama a biranen biyar. Mara lahiya da ke da sanayya cikin ma'aikata ana karɓar shi da fara'a, a yi mashi bayani. Wanda bai san kowa ba sai ya yi ta jira, a duba shi cikin gaggawa, a miƙa mashi takarda ba tare da an gaya mashi abin da ke damun shi ba. Sun ga ana yi ma mata tsawa a ɗakin haihuwa. Sun ga ana karɓar kuɗin da doka ba ta ce a karɓa ba.

Amma binciken bai tsaya ga laifin ma'aikata ba. Ya nuna halin da su ma suke ciki: ƙarancin kayan aiki, ƙarancin albashi, yawan jama'a, da rashin mai yaba ma wanda ya kyautata. Ya kuma nuna wani abu da ya shafi horo. Ɗalibi na koyon allura da auna jini a aji, amma yadda ake magana da mutane, wurin gwajin aiki yake ɗaukar shi, daga waɗanda ya tarar. In ya tarar da masu tsawa, sai ya ɗauka haka aikin yake.

Domi wannan ya dame mu? Domin matar da anka yi ma tsawa bara, bana sai ta yi jinkirin kawo ɗanta. Sai ta fara da mai tallan ƙwayoyi a kasuwa, sai ciwo ya ci ƙarfin yaro sannan a ɗauko amalanke. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. A gidan likita, shimfiɗar fuska na cikin magani.

Bincike na biyu: uwayen Maraɗi a shekara ta 2005

Manyanmu ba su manta da shekara ta 2005 ba, lokacin da ƙarancin ruwa da fara sunka bar rumbuna wayam, hatsi ya yi tsada, tamowa ta kama yara da yawa. Kafin wannan lokaci, yaron da tamowa mai tsanani ta kama, kwantar da shi ake yi a asibiti kusan wata guda, ana ba shi madara ta musamman. Uwa ta bar gida, ta bar gona, ta bar sauran yara. Gadaje kuma ba su isa.

A shekara ta 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, tare da abokin aikinshi Michel Lescanne, sun haɗa wani abinci na gujiya da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, cikin ƴar leda. Sunan shi Plumpy'Nut. Ba a dafa shi, ba a dama shi da ruwa, don haka ƙazantar ruwa ba ta shiga ciki. A 2005 ƙungiyar Likitocin da ba su da Iyaka ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Yawancin yaran ba a kwantar da su ba. Uwa ke zuwa sau ɗaya a mako, a auna yaro, a duba shi, a ba ta ledojin mako, ta koma gida ta ci da shi. Wanda ya ƙi cin abinci ko yake da wani ciwo bisa tamowar, shi kaɗai ake kwantarwa. Kusan yara 9 cikin 10 sun warke.

Duniya ta yi darasi da wannan. A shekara ta 2007 Hukumar Lahiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya sun fitar da sanarwa tare, sun amince da jinyar tamowa a gida. Wa ya yi aikin ciyarwar, safe da rana da dare? Uwayen ƙauyukanmu ne, waɗanda yawancinsu ba su taɓa shiga lakwal ba.

Sai dai akwai sharaɗi. Ledar nan magani ce, ta yaron da anka auna ce shi kaɗai. In anka raba ta da yayyenshi, ko anka kai ta kasuwa, yaron ba zai samu abin da anka ƙidaya mashi ba. Maigida, wannan magana da kai nake.

Bincike na uku: zaren awon hannu a Mirya

Tunda uwa ta iya jinya, shin za ta iya gano tamowa da kanta tun kafin ta yi nisa? Wannan ita ce tambayar da ƙungiyar ALIMA da ƙungiyar BEFEN ta ƴan Nijar sunka yi a gundumar kiwon lahiya ta Mirya, jahar Damagaram. Akwai wani ɗan zare na roba mai launi uku, ja da rawaya da kore, da ake auna damtsen yaro da shi. A da, ma'aikata da wakilan lahiya na gari kaɗai ke riƙe shi.

Daga 2013 zuwa 2014 anka yi gwaji a yanki biyu. A yankin Dogo anka koya ma uwaye da masu renon yara fiye da 12,000 yadda ake awo, anka bar ma kowace zarenta. A yankin Takeita kuwa anka bar aikin a hannun wakilan lahiya 36 da anka horar. Bayan shekara guda anka kwatanta, anka buga sakamakon a 2016. Awon uwaye bai kasa na wakilai ba. A yankin uwaye ana kawo yara da wuri, tun hannunsu bai rame ƙwarai ba, kuma waɗanda sai an kwantar da su sun fi kaɗan. Kuɗin da anka kashe a yankin uwaye bai kai rabin na ɗaya yankin ba. Dalili a fili yake. Wakili na zagayowa lokaci zuwa lokaci, uwa kuwa kullum tana tare da ɗanta. Daga Mirya wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

Ku saurara da kyau, ga yadda ake yi. Awon na yara ne daga wata 6 zuwa shekara 5. A saki hannun hagu na yaro ya sauka, kada ya lanƙwashe shi. A nemi tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. A zagaya zaren, a zura bakin cikin ƴar kafar, kada a matse, kada a bar shi sako-sako. A duba launin da ya fito a ƴar tagar. Kore, wato milimita 125 zuwa sama, yaro na lahiya, a ci gaba da ba shi nono da abinci mai gina jiki. Rawaya, tsakanin 115 da 125, tamowa ta fara, a kai shi likita cikin makon. Ja, ƙasa da 115, tamowa mai tsanani ce, a kai shi yau, kada a jira ranar kasuwa.

Bayan awo sai a duba kumburi. A danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, a ɗaga. In rami ya zauna a ƙafafun duka biyu, a tahi likita, ko da zaren ya nuna kore. Irin wannan kumburi wasu na ɗaukar shi ƙiba, alhali kuwa tamowa ce mai haɗari. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a nan ido na ruɗuwa, domin mai ganin yaro kullum ba ya lura da ramarshi. Zaren shi ne mudun. A riƙa awo sau ɗaya a mako, ko a ƙalla sau biyu a wata, musamman lokacin damina da bayan yaro ya yi zawo ko masassara.

Maganin damina: kwana ɗaya na ma'aikaci, kwana biyu na uwa

Ga wani misali da kowane gida ya sani. A shekara ta 2012 Hukumar Lahiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran ƙasashen Sahel maganin rigakafin masassarar cizon sauro cikin watannin damina. A Nijar an fara a 2013, a wasu gundumomi, sannan anka faɗaɗa. Yara daga wata 3 zuwa shekara 5 ake ba, sau ɗaya kowane wata. Gwaje-gwajen da anka yi kafin a ba da shawarar sun nuna yana rage kamuwa da masassara da kusan kashi 3 cikin 4.

Amma ku lura: maganin kowane wata na kwana uku ne. Ranar farko ma'aikaci ke ba yaro a gabanshi. Na rana ta biyu da ta uku, a hannun uwa ake bari. In ta manta, ko ta ajiye don wata rana, ko yaro ya tofar saboda ɗaci ta ƙyale, kariyar ta ragu. Ke nan cikin kwana uku na wannan aiki, biyu na hannun mai jinya. Kuma maganin bai ɗauke kwana cikin sange ba.

Wani bincike da anka buga a mujallar likitoci ta The Lancet a 2012 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara 1000 da anka haifa, waɗanda ke rasuwa kafin shekara 5 sun ragu daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009. Cikin dalilan da anka lissafa akwai sange mai magani, da kula da tamowa, da kai yara likita in sun yi masassara ko zawo ko ciwon haƙarƙari, da ƙananan likitocin ƙauye, da dokar 2006 da ta ɗauke ma yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. Ku duba waɗannan dalilai ɗaya bayan ɗaya. Wa ke ɗaura sange? Wa ke goyo zuwa likita? Gwamnati ta gina, ma'aikaci ya duba, amma sai da hannun mutanen gida abin ya yiwu.

Horon ma'aikata

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga koya ma mutanen gari aikin lahiya. Tun cikin shekarun 1960, kuma jahar Maraɗi na cikin wuraren farko, ƙauyuka ke zaɓen mutanensu a horar da su ƴan kwanaki, maza masu taimakon gaggawa da mata unguwarzoma, a ba su akwatin magani. Wannan ya riga babban taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya sunka amince cewa kiwon lahiya daga ƙauye yake farawa. Darasin da anka samu daga wancan zamani shi ne, horo na kwana goma ba ya isa in ba a dawowa ana duba mutum, ana sabunta mashi ilimi, ana cika mashi akwati. Inda anka bar su su kaɗai, aikin ya mutu a hankali.

Ana horar da ma'aikatan jinya da masu karɓar haihuwa a makarantun kiwon lahiya na ƙasa a Yamai da Damagaram. Ta Yamai tana ɗauke da sunan marigayi Damure Zika, ma'aikacin jinya da duniya ta sani ta finafinan Jean Rouch. Likitoci kuma suna fitowa daga jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da jami'o'in Maraɗi da Damagaram. Ni malamin manya ne, ba likita ba, amma koyar da babba sana'ata ce. Don haka ina da shawara huɗu ga masu horar da su.

Ta farko, a koya ma ɗalibi yin bayani da harshen mara lahiya: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, Barbarci. Karatunshi da faransanci ya yi, amma ba da faransanci zai yi ma inna bayani ba. A sa shi ya gwada a aji, wani ɗalibi ya zama mai jinya, malami na saurare.

Ta biyu, a koya mashi ya sa mai jinya ya maimaita. In ka ce ma babba "ka gane?", zai ce "na gane", don girmamawa. Mu malaman yaƙi da jahilci mun san wannan tun ranar farko. Ka ce "nuna mani yadda za ka yi in ka koma gida", nan za ka ga inda ya tsaya.

Ta uku, a zaɓi wurin gwajin aiki da kyau, a haɗa ɗalibi da ma'aikacin da anka san shi da mutunta jama'a, tunda bincike ya nuna can ake ɗaukar hali.

Ta huɗu, a kula da ma'aikacin shi ma. Wanda ya kwana bisa ƙafafunshi, ya duba mutum tamanin, ba safar hannu, ba mai canjin shi, haƙurinshi na da iyaka. Mu ma masu zuwa, mu yi sallama, mu bi layi, mu gode in an kyautata mamu.

Tambayoyi biyar kafin ka bar gaban likita

Matambayi ba ya ɓata. Ɗalibai, ku rubuta waɗannan cikin littafinku. Ɗaya: wane ciwo ne? Biyu: wannan magani, ƙwaya nawa, sau nawa a yini, har kwana nawa? Uku: kafin abinci ko bayan abinci, kuma mi zai ci, mi zai bari? Huɗu: wace alama ce in na gani in dawo da shi nan take? Biyar: wace rana zan dawo? Tambaya ba raini ba ce, haƙƙinka ne. In ba ka iya karatu ba tukuna, ka roƙi a zana maka rana da layi, kamar yadda anka yi ma dattijuwar nan.

Ga alamomin da ba a kwana da su in an gan su ga yaro: ya kasa shan nono ko ruwa; yana amai da duk abin da ya shiga cikinshi; yana jijjiga; ya yi laushi ba ya farkawa sosai; numfashinshi na sauri, ko ƙasan ƙirjinshi na shiga ciki in ya ja iska; akwai jini cikin zawonshi. Ko ɗaya daga ciki ya isa a nemi abin hawa, ko da tsakar dare ne.

In zawo ne ba tare da waɗannan alamomi ba, a dama ledar gishiri da sukari ta likita cikin litir ɗaya na ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono da abinci, a ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14 kamar yadda ma'aikaci ya faɗa. Wanda ya kwana ya wuni, a zubar a dama sabo.

Ga masu jinyar tsoho ko wanda ɓarin jikinshi ya shanye: a riƙa juya shi kamar kowace awa biyu, a share jikinshi a busar, a duba ƙugu da duwawu da diddige. Inda fata ta canja launi, gyambon kwanciya ne ke shirin fitowa, a ɗauke nauyi daga wurin. A zaunar da shi kafin a ba shi kunu, kada ya shaƙe. Mai tarin fuka kuwa, maganinshi wata 6 ne a ƙalla. Jin sauƙi a wata na biyu ba warkewa ba ne. A kowane hali, mai jinya ya wanke hannu da sabulu kafin ba da abinci da bayan ya taɓa ƙazanta.

Wa ke jinyar mai jinya?

Akwai maganar da ba mu cika yi ba. Mai jinya na gajiya. Matar da ta yi wata uku tana ɗaga surukarta tana kwantarwa, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga goyo, ita ma jikinta na iya faɗuwa. Bayanta na ciwo, barci ya ƙaurace mata, ƴar sana'arta ta tsaya, kuma in ta yi ƙorafi a ce ba ta da haƙuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dangi su zauna su raba kwana: wane yau, wance gobe. Wanda ke nesa, a bakin teku ko a birni, ya aiko da kuɗin magani. Maza, ɗaga mahaifinku da yi mashi wanka ba abin kunya ba ne, kuma kun fi ƙarfin yin shi. Masu zuwa dubiya, kada gaisuwa ta tsaya ga wanda ke kwance. Ku tambayi wadda ke zaune ko ta ci abinci, ku karɓe ta na awa ɗaya ta runtsa. Ƙungiyoyin mata masu asusu, ku ware wani abu don kuɗin abin hawa ranar gaggawa, domin sau da yawa neman kuɗin mota ne ke cinye yinin da ya kamata a yi a gaban likita.

Aikin aji na wannan mako

Malamai, ga abin da za ku yi da ɗalibai bayan wannan hira. Kowa ya zo da karnen lahiya na ɗanshi, a koyi karanta ranar komawa da ke ciki. A rubuta lambobi 115 da 125 a allo, a nemo zaren awo wurin wakilin lahiya na gari, kowa ya gwada. A rubuta kalmomin nan: safe, rana, dare, ƙwaya, kwana. Wanda ya iya karanta su ya iya karanta rabin takardar magani.

Sannan ku tattauna tambayoyi uku. A garinku, in yaro ya yi ciwo da dare, wa ke yanke shawarar a kai shi likita, kuma in maigida ba ya nan, mi ake yi? Mata nawa ne a garinku ke da zaren awo a ɗaki, nawa ne sunka yi awo a wannan wata? Wane abu ɗaya kuke so ma'aikatan likitarku su canja, wane abu ɗaya kuma ku za ku canja? Wanda ya iya rubutu cikinku ya rubuta amsoshin, ku ba malaminku ya aiko mamu, za mu karanta su a wani shiri mai zuwa. Ku kuma kai kwafi ɗaya ga kwamitin kula da likitar garinku.

Nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lahiya sauƙi, ya saka ma masu jinya da ma'aikatan lahiya da alheri. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lahiya.